Rebecca (1940): tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin amaryar da ta yi kishi da matacciya

Na daɗe ina kwaɗaita wa mutane kallon wannan fim, kuma kusan duk wanda na yi wa maganarsa sai ya dawo mini da tambaya, wani tun kafin ya kalla, wani bayan ya gama. Tambayoyin da suka fi yawa su ne na tara a nan. Inda zan fasa ƙwan labarin zan faɗa tukuna, don wanda bai kalla ba ya tsallake.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Rebecca fim ne na Amurka, baƙi da fari, ya fito a 1940, tsawonsa kimanin minti 130. Daraktansa Alfred Hitchcock ne, haifaffen Landan, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko bayan ya koma Hollywood a 1939. David O. Selznick ne furodusa, shi ya ɗauko Hitchcock daga Ingila. An samo labarin daga littafin Daphne du Maurier mai wannan suna, wanda aka buga a 1938. Laurence Olivier ne mijin, Joan Fontaine ce amaryar, Judith Anderson ce Misis Danvers, shugabar ma'aikatan gidan, George Sanders kuma ya fito a wani ɗan dangin Rebecca, matar mijin ta farko da ta rasu. An fara ɗaukarsa a watan Satumba na 1939, kwanaki kaɗan bayan Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

A taƙaice mene ne labarin, ba tare da an ɓata mini kallo ba?

Wata yarinya ce marainiya, ba dangi ba dukiya, tana aikin rakiya ga wata attajira 'yar Amurka mai suna Misis Van Hopper, mace mai yawan surutu da raina na ƙasa. A Monte Carlo ta gamu da Maxim de Winter, mai gidan Manderley, wanda matarsa Rebecca ta rasu a teku shekara guda da ta wuce. Attajirar ta kwanta mura, yarinyar ta samu sararin fita, cikin 'yan kwanaki Maxim ya nemi aurenta. Aka ɗaura, ya kawo ta gidansa da ke gaɓar teku a yankin Cornwall na Ingila.

A nan ne wahalar ta soma. Uwargidan ta mutu, amma ba ta fita daga gidan ba. Harafin R yana jikin takardun wasiƙa, yana jikin adikon cin abinci, yana jikin hankicin da ke cikin aljihun rigar ruwa. Dokokin da ta kafa su ake bi. Kowa ya kalli amarya, tana ganin yana auna ta da waccan ne. Mu da muka san gidan mace fiye da ɗaya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kishiya mai rai kina ganin ranar da girkinta ya ƙone, kina jin ranar da ta yi faɗa da maigida, ki san ita ma mutum ce. Wadda ta mutu kuwa ta gama kuskure, sai kyawunta kaɗai ake tunawa. Da wa za ki yi gasa? Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan fim ɗin gaba ɗayansa.

Me ya sa har fim ɗin ya ƙare ba a faɗi sunan amaryar ba?

Haka yake a littafin, fim ɗin kuma ya riƙe shi. Matacciyar ce ke da suna, har shi aka sa wa fim ɗin, mai ran kuwa sai dai a ce mata Misis de Winter, sunan da wata ta riga ta amsawa. Akwai wata fitowa da ke sosa mini rai duk sanda na gani. Washegarin zuwanta tana zaune a teburin rubutun Rebecca, sai wayar cikin gida ta yi ƙara. Aka tambayi Misis de Winter, ita kuma ta amsa cewa ai Misis de Winter ta fi shekara da rasuwa. Sai da ta ajiye wayar ta tuna ita ake nufi.

A wannan ɗaki dai ta ture wani ɗan mutum-mutumin tangaran mai tsada ya fashe. Matar gida ce fa, amma ta tattara fasassun ta cusa a bayan aljihun tebur kamar 'yar aikin da ke tsoron kora, har aka so a ɗora wa wani yaron gidan laifin sata. A wurinmu ana cewa amarya ba kya laifi ko kin kashe ɗan masu gida. Wannan amarya ko numfashi ta yi a Manderley ji take kamar ta yi laifi.

Ana ce masa fim na gotik. Me ake nufi da haka?

Asalin kalmar sunan salon gini ne na tsofaffin coci-coci da gidajen sarautar Turai, masu dogayen soraye da tsinin rufi. Tun ƙarni na 18 marubutan Ingila suka riƙa kafa labaransu a irin waɗannan gine-gine, sai sunan ya bi labaran. Kayan haɗinsu sanannu ne: tsohon gida makeke a nesa da gari, yarinya baƙuwa wadda ba ta da mai tsaya mata, miji mai ɓoye wani abu, ɓangaren gida da aka rufe, hazo, iska, da wani laifi na baya da ya ƙi binnuwa. Soyayya da fargaba tare suke tafiya, domin mutumin da take so shi ne kuma wanda ba ta san cikinsa ba. Rebecca ya haɗa waɗannan duka, har da ɓangaren yamma na gidan da ke kallon teku, inda ɗakin marigayiyar yake.

To akwai fatalwa ko aljani a ciki?

Babu. Ba a nuna fuskar Rebecca ko sau ɗaya, ko a hoto, ko a waiwaye. Ba jini, ba dodo, ba abin da zai faɗo maka daga duhu. Tsoron da ke ciki irin na zaman gida ne: ki shiga ɗaki a yi shiru, ki juya ki ga an tsaya a bayanki, ki tambayi miji abu ɗan ƙarami fuskarsa ta canza.

Ban saba da fim marar launi ba. Ba zai gundure ni ba?

Minti goma sha biyar na farko idonka zai yi ta neman launi, daga nan sai ya haƙura ya koma ganin haske da inuwa, kuma a nan daɗin yake. Kada a ɗauka wai babu fim mai launi a lokacin. Selznick da kansa ya fitar da Gone with the Wind cikin launi a 1939. Sai dai launi yana da tsada da wahalar aiki, yawancin fina-finai baƙi da fari ake yi, kuma masu ɗaukar hoto sun ƙware a kai ƙwarai. George Barnes, wanda ya ɗauki Rebecca, da shi ya ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto baƙi da fari.

Ka lura da bangon ɗakunan. Kusan ba ka ganin bango fes. Inuwar ruwan sama da ke gangarowa a taga tana kai, ko ta ganyaye, ko ta ƙarafan taga, kamar an saka yarinyar a keji. Ka lura da ƙofofin, mariƙinsu yana can sama kusa da kafaɗarta, ga murhu ya fi ta tsawo, sai ta koma kamar yarinya ƙarama da ta ɓata a gidan manya. Sannan ka duba inda mata da miji ke kallon hotunan da suka ɗauka a tafiyar amarcinsu. A jikin allo suna dariya, a cikin ɗakin kuwa rigima ce ke tashi, hasken majigi yana faɗa wa fuskarta yana ɗaukewa, sai Maxim ya tako ya tare hasken da jikinsa, rabin fuskarsa a duhu. Da launi aka yi wannan, da ido ya shagala da kalar labule da ta kujera.

Me ya sa duk wanda ya kalla sai ya yi ta maganar Misis Danvers?

Domin ita ce bakin Rebecca da hannunta a duniya. Ta zo gidan tare da ita tun tana amarya, ta yi mata hidima har ta mutu, kuma ba ta yarda an gama ba. Judith Anderson, 'yar Ostireliya, ta fito cikin doguwar baƙar riga, gashi a naɗe tamau, hannuwa a haɗe a gaba, ido da ƙyar yake ƙiftawa. Hitchcock ya bayyana daga baya cewa da gangan ya rage nuna ta tana tahowa. Sau da yawa amarya za ta ɗaga kai ne kawai ta gan ta tsaye, ba ta ji shigowarta ba. Tun haɗuwarsu ta farko an gama magana: amarya ta iso a jiƙe da ruwan sama, ma'aikata sun yi sahu suna jiranta, safar hannunta ta faɗi, ita da Danvers suka sunkuya tare, kowa a wurin ya gane wace ce ke tsoron wata.

Fitowar da ta fi kowace tsaya mini a rai ita ce ta ɗakin Rebecca. Amarya ta lallaɓa ta shiga, sai ga Danvers ta bayan wani siririn labule. Ba ta yi faɗa ba. Cikin murya mai laushi ta ja manyan labulaye haske ya cika ɗakin, ta buɗe ma'ajiyar tufafi, ta ɗauko hannun rigar gashi ta shafa a kumatunta sannan ta shafa a na amarya. Ta zaunar da ita a gaban madubi ta nuna yadda take taje wa uwargijiyarta kai. Ta ɗauko rigar barci mai shara-shara ta sa hannu a ciki don a ga yadda ake hango shi. Duk wanda ya taɓa ganin mai makoki yana shafa kayan mamaci zai ji tausayinta, ko da yana ganin muguntar da take yi da su. Wannan haɗuwar tausayi da tsoro ita ta sa ba a manta ta. Masu nazarin fim sun daɗe suna tattauna cewa son da take wa Rebecca ya wuce na baiwa da uwargijiya, fim ɗin kuma ya bar abin a ishara.

Daga baya ta ba amarya shawarar kayan da za ta sa a wata liyafar rawa, irin wadda kowa ke yin shigar wani mutumin da. Ta nuna mata zanen wata kakar gidan cikin farar riga. Yarinyar ta ɗinka, ta sauko daga bene fuska cike da murna za ta burge mijinta, ba ta san shigar da Rebecca ta yi ke nan a liyafarta ta ƙarshe ba. Abin da ya biyo baya a bakin tagar bene, hazo a ƙasa, Danvers tana raɗa mata a kunne, gara mutum ya gani da idonsa.

Daga nan akwai fasa ƙwai. Me ya faru da Rebecca a gaskiya?

A daren liyafar wani jirgin ruwa ya makale a gaɓa, mai ninƙaya ya nutsa dubawa, ya ci karo da ƙaramin jirgin Rebecca da gawarta a ciki. Ashe gawar da Maxim ya shaida a baya, aka binne a makabartar gidansu, ta wata mata ce daban. A ɗan gidan bakin teku ya faɗa wa amarya gaskiya: bai taɓa son Rebecca ba, ƙin ta yake. Kwana huɗu da aurensu ta faɗa masa halinta, suka yi yarjejeniya za ta riƙe masa gida da suna a idon duniya, shi kuma ya kau da kai. A daren ƙarshe ta nuna masa tana da cikin da ba nasa ba, wanda zai gaji Manderley. Ya mare ta, ta tako tana murmushi, ta yi tuntuɓe ta faɗi kanta ya bugi kayan ƙarfen jirgi. Ya sa gawar a jirgin ya huda shi ya nutsar.

Ka duba yadda aka ɗauki wannan bayani. Wani darakta da ya yi waiwaye ya ɗauko wata kyakkyawa ya ce ga Rebecca. Hitchcock sai ya sa kyamara ta bi wurin da ba kowa: ta tashi daga kujera inda tokar sigari take, ta ɗaga kamar mutum ya miƙe, ta taka a hankali har bakin ƙofa. Kana kallon iska, amma ka rantse ka ga mace tana tafiya.

A littafin ba haka aka yi ba, Maxim harbe ta ya yi da bindiga. Dokar tace fina-finai ta Hollywood, wadda aka fara tsaurarawa a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, ba ta yarda mai kisa ya tsira ba hukunci ba, don haka aka mai da abin hatsari. A ƙarshe wani likita a Landan ya bayyana cewa ba ciki gare ta ba, ciwon daji ne da ya ci ƙarfinta, kuma ta sani. Sai aka fahimci tsokanarsa ta yi don ya gama da ita, shi ma ya tafi tare da ita.

Ke nan Rebecca muguwa ce, Maxim kuma mutumin kirki?

Ban yarda a yanke hukunci da sauƙi haka ba. Duk abin da muka sani game da Rebecca daga bakin wasu muka ji shi: mijin da ya nutsar da gawarta, baiwar da ke bauta mata, ɗan'uwan da ke nemanta. Ita ba a ba ta damar cewa uffan ba. Alƙalin kirki ba ya yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya, kuma ina ganin mai kallo ma bai kamata ya yi ba.

Shi kuwa Maxim, ko a fim ɗin da aka wanke shi daga kisa, ba mijin da zan yi wa ƙanwata fata ba ne. Ya ɗauko yarinya ya ajiye a gidan da ya san cike yake da ƙaya, bai yi mata bayanin komai ba. Yana mata magana kamar 'yarsa, yana daka mata tsawa a kan abin da ba ta san tushensa ba. Kalma ɗaya daga bakinsa a makon farko da ta raba ta da watanni na baƙin ciki. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma shi ya bar ta a ciki da saninsa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne fuskar amaryar lokacin da yake ba ta labarin. Mutum yana gaya miki ya nutsar da gawar matarsa, amma abin da ya shiga kunnenki shi ne bai so ta ba. Joan Fontaine ta bar wannan sauƙin zuciya ya bayyana a fuskarta ƙarara. An ce kishi kumallon mata, to a nan za ka ga inda yake kai mutum: daga wannan dare ta daina rawar jiki, ta zama mai rufa wa miji asiri, tana tsara masa abin da zai faɗa a gaban masu bincike. Ta girma, gaskiya ne. Maxim da kansa ya lura cewa wannan kallon ƙuruciya da ya so a fuskarta ya tafi.

Fim ɗin ba shi da aibi ne?

Yana da shi. Bayan bayanin gidan bakin teku, labarin ya koma zaman bincike da zuwa wurin likita, maza sun cika allo suna muhawara, yarinyar da muka bi tun farko an tura ta gefe. George Sanders ne ya riƙe wannan ɓangare da iya rainin wayonsa, musamman inda ya shiga motarsu yana cin abincinsu yana neman a saye bakinsa. Kiɗan Franz Waxman yana da kyau ƙwarai, sai dai a wasu wurare yana riga ka faɗin abin da ya kamata ka ji.

Gaskiya ne darakta da furodusa ba su jitu ba?

Gaskiya ne. Selznick mutum ne mai sa hannu a komai, mai yawan aika dogayen takardun umarni, kuma ya dage a bi littafin sau da ƙafa, har ya yi watsi da tsarin labarin da Hitchcock ya fara kawowa. Hitchcock kuma ya saba ɗaukar iya abin da yake bukata kawai, yadda mai haɗa fim ba zai samu rarar da zai juya ba, abin da ya riƙa ɓata wa Selznick rai. A ƙarshen fim, inda Danvers ta cinna wa gidan wuta ta mutu a ciki, Selznick ya so hayaƙi ya tashi ya zana harafin R a sama. Hitchcock ya ga abin ya yi yawa, sai aka rufe da wuta tana cin jakar rigar barcin nan mai ɗinkin R a kan gadon Rebecca.

Wajen zaɓen jaruma ma an sha fama. Olivier ya so a ba Vivien Leigh, wadda ya aura a 1940, an kuma gwada ta tare da wasu irin su Margaret Sullavan da Anne Baxter, amma aka tsaya a kan Fontaine, wadda ba ta yi wani suna ba tukuna. An zaɓi fim ɗin a rukuni 11 na Oscar, ya ci 2. Ɗaya ita ce ta fim mafi kyau, wadda ta tafi hannun Selznick shekara biyu a jere. Shi kaɗai ne fim ɗin Hitchcock da ya taɓa cin wannan kyauta, shi kuma sau 5 ana sa sunansa a rukunin darakta bai taɓa ci ba.

Manderley yana nan, ana iya zuwa a gani?

A'a. A Kalifoniya aka yi fim ɗin, gidan da ake hangowa daga waje ƙaramin samfuri ne da aka ƙera, ɗakunan kuma a situdiyo aka gina su. Gidan da ya fi ba marubuciyar tunanin Manderley shi ne Menabilly, kusa da garin Fowey a Cornwall, wanda ita kanta ta karɓi hayarsa ta zauna daga 1943.

Kamar na taɓa ganin irin wannan labari a fim ɗin Indiya. Haka ne?

Mai yiwuwa Kohraa ka gani, na 1964, shi ma baƙi da fari, wanda aka gina a kan wannan labari. Waheeda Rehman ce amaryar, Biswajeet ne mijin, Lalita Pawar ta hau matsayin Danvers, Hemant Kumar ya yi kiɗa. An sauya ƙarshensa an kuma ƙara masa ƙamshin fatalwa. A 2020 ma Netflix ta fitar da sabon Rebecca mai launi, da Lily James da Kristin Scott Thomas. Wanda zai ji shawarata ya fara da na 1940.

Ta yaya ya fi kyau a kalle shi?

Da dare, a kashe fitila, a ajiye waya, a allo mafi girma da ake da shi, domin a ƙaramin allo inuwoyin nan ɓacewa suke. Turancinsu na manyan Ingila ne na da, ga sauri, don haka a kunna rubutun ƙasa. A nemi kwafi mai tsabta, wanda baƙinsa baƙi ne ba toka-toka ba. In an gama a bar shi kwana biyu a sake. A kallo na biyu ka bar amarya, ka zuba wa Maxim ido duk sanda aka ambaci teku ko sunan Rebecca. Abin da ka ɗauka kewar masoyi ce a karon farko, yanzu za ka ga tsoro ne, tun daga fitowarsa ta farko da yake tsaye a bakin dutse yana leƙen ruwa.